Ranar da Na Tausaya wa Mage

Ban taɓa mantawa da ranar Larabar da na mayar da kaina abin dariya a gaban mutum huɗu da baƙo daga Doso ba. Na faɗa tun yanzu don kada wani cikinku ya zauna yana jiran ya gano wawan labarin. Ni ne. Waɗanda suka ji shi a bakin Majo Bello sun ji shi da gishiri mai yawa, shi ya sa na ga gara ku da kuka shigo aiki bayanmu ku ji daga bakin mai abin.

Shekara ashirin da huɗu na yi ina planto a wata cibiyar karatu da wasanni a nan Gaya, wadda wata ƙungiya mai babban biro, wato ofis, a Doso ta buɗe. Ga wanda bai san tsarin ba: a sama akwai direkta, sai animatis, wato mai shirya wasanni da tarurruka, sai mai kula da littattafai, sai planto, sannan gardi, wato mai gadi. Nakan tuna wa gardi wannan jerin duk lokacin da ya manta. Aikin planto shi ne a ba ka takarda cikin ambulan, ka hau keke ka kai ta inda aka ce, a sa maka hannu a kaye, wato littafin rajista, a buga tampo, wato hatimi, ka dawo da kayen. Sauran lokaci kuma buɗe zaure da jera kujeru.

Karatuna aji uku ne a lakkol ta Karakara, kafin mahaifina ya lura gona ta fi mushe, wato malaminmu, bukatata. Daga baya na shiga yaƙi da jahilci, na iya karanta Hausa da boko tsaf. Faransanci kuwa ina jin na bakin ƙofa: sannu, sa hannu nan, dawo gobe. Amma idan aka tambaye ni, cewa nake ina karantawa. A ganina ba ƙarya ba ce tsantsa, tunda haruffan ɗaya ne. Abin da nake tinƙaho da shi na gaskiya daban yake: na yi shekaru ina alƙalancin kokowa a ƙauyukan Yelu da Junju bayan girbi, kuma har yau usur ɗina yana aljihuna.

Shekara biyu kafin in ajiye aiki aka kawo mana sabuwar animatis, Madam Fati. Ita ta zo da wani wasa da ban taɓa gani ba. Ba dara ba ne, ba karta ba ne. Manya ke zama a kewaye da tabur, wato tebur, kowa da takarda ɗaya a gabansa. Takardar ita ce mutumin da kake wakilta a cikin labari, an rubuta yawan ransa da abin da ya iya. Mutum ɗaya yana jan labarin, ya ce kun iso bakin kogo, me za ku yi. Ka faɗi abin da za ka yi, ka jefa wata ƙwaya irin ta lido amma mai fuska ashirin, ita za ta ce ka yi nasara ko ka kwashi ƙasa. Kowace Laraba bayan la'asar suke yi. Da farko sun kai goma sha biyu: malaman lakkol, ma'aikatan taranzit masu fiton kaya a bakin gadar iyaka, da wani tsohon jandarma, Ajidan Saini, Bazabarme mai murya kamar ana sauke buhu daga kamyo, babbar motar kaya. Akwai kuma Majo Bello, babban ma'aikacin jinya a wani ɗakin shan magani, Bafillace. Ni Ba'are ne, kun san wasan ba'ar da ke tsakaninmu da Fulani. Tun ranar da muka haɗu yake kirana bawansa, ni kuma ina tambayarsa ko ya iya kwana a ɗaki mai bango.

Ban taɓa zama a taburin ba. Nakan jera kujeru in koma bakin ƙofa, Faransancinsu da Hausarsu da Zabarmancinsu suna fitowa a cakuɗe, ina tsintar abin da na tsinta. Cikin watanni na ga kujerun da nake jerawa suna raguwa, daga sha biyu zuwa takwas, daga takwas zuwa biyar. Duk wanda ya fito yana ƙunƙuni, magana ɗaya ce: "Maj ya fi ƙarfinmu. Maj ne ke yin komai, mu sai kallo." Na ce a raina, ai dama. Sun gajarta sunan Majo ne, kuma duk wanda ya zauna wasa da Bafillace ya san abin da ya saya.

Ana haka aka kira Madam Fati sitaj, wato kwas na wata ɗaya a Yamai, kuma a cikin watan nan ne ansifekta zai zo daga Doso ya duba ko shirin Laraba yana da rai ko a rufe shi. Mushe Direkta ya tara mu ya ce wa zai riƙe taburin. Mai littattafai ya duba ƙasa. Ni na ɗaga hannu.

Ga dalilina, don ku san abin da na sa a faranti. Idan ma'aikaci zai ajiye aiki, ana ba shi takardar shaida mai tampo, a rubuta matsayin da ya tafi da shi. Ita ce mutum ke sa wa gilashi ya rataya a zaure. Ba na so jikokina su taso suna karanta "planto" a bangon gidana. Na ce wa direkta idan na riƙe taburin har baƙo ya zo ya tafi lafiya, a rubuta mini "mataimakin animatis".

Ya dube ni ya ce, "Baba Arzika, takardun wasan da Faransanci suke. Kuna karantawa?"

"Mushe Direkta, shekara nawa ina ɗaukar Faransanci a kan keke?"

Ya ce to, mu gani.

Ranar da Madam za ta tafi ta miƙo mini takardu biyu tana sauri, mota na jiranta a tasha. Ta ce, "Baba, matsalar ɗaya ce. Waɗannan biyun ba daidai suke ba. Ɗaya ya fi ɗaya ƙarfi nesa ba kusa ba, shi ya sa mutane ke gudu. Ku da kuka yi alƙalanci, ku daidaita su." Ba ta faɗi wanne ya fi wanne ba, don duk Gaya an sani, ban da ni. Ni kuma ban tambaya ba, don mai neman matsayi ba ya tambayar yarinyar da ya girme wa ubanta.

Na zauna a inuwar mangwaron cibiya na buɗe. Takarda ta farko da hoton ƙato riƙe da takobi, an rubuta guerrier. Wannan na gane, jarumi ne, shi Ajidan ke kira yana dukan ƙirji. Ransa sha biyu. Takarda ta biyu fotokofi ta cinye hotonta, sai wani baƙin abu mai tsini a sama. A kanta an rubuta haruffa huɗu manya: M, A, G, E.

Na karanta sau uku. Mage. Na sake duba abin mai tsini, na ce lallai kunne ne. Ranta shida.

Wallahi tausayi ya kama ni. Na ce wane irin rashin imani ne wannan, a haɗa ƙato mai takobi da mage a fage ɗaya. A kokowa ko yaro ya san ba a haɗa wanda ya ci tuwon shekara talatin da wanda bai fara gemu ba. Nan take na gane komai, a tunanina: duk wanda aka ba mage sai ya ji kunya ya daina zuwa. A ƙasan takardar akwai layuka masu yawa da ban iya warwarewa ba, amma na tsinci kalma ɗaya da na sani a layi na biyar, boule de feu. Kowa a ƙasar nan ya san bul fura ce. Na ce to, wannan jerin abincinta ne, har da fura mai zafi. Turawa da kula da dabba.

Kwana uku ina gyara doka da jan alƙalamin bik. Na kuma aika wa waɗanda suka gudu cewa tsohon alƙalin kokowa ya karɓi taburin, za a yi adalci. Ajidan Saini, wanda ya yi rantsuwa ba zai sake zuwa ba, ya aiko cewa saboda ni zai zo.

Ranar Laraba ansifekta ya iso, saurayi siriri da kaye a hannu, ya zauna a gefe. A tabur akwai Ajidan, da Majo, da malamai biyu na lakkol, su ma masu riƙe da jarumi. Na sa babbar riga, na rataya usur, na tsaya a kan tabur ɗin daga gefen da Madam ke zama.

"Wa ke riƙe da mage?" Na faɗe ta da Hausa sak, yadda ake kiranta idan ta ɓarar da miya.

Ajidan ya fashe da dariya har da buga tabur. Ya ɗauka ba'a nake yi wa Bafillace. Malaman ma haka suka ɗauka. Mutum ɗaya ne ya gane gaskiya, don shi ya yi shekaru yana cika mini katin asibiti, ya san iyakar karatuna. Majo ya dubi takardar, ya dube ni, ya ɗaga hannu a hankali kamar maraya.

"Ni ne, alƙali."

"Allah sarki. Ashe kai aka bari da ita."

"Haƙuri nake ta yi, Ba'are. Ba wanda ya taɓa tambayar halin da nake ciki sai kai."

Na ce yau kukansa ya ƙare. Na karanta sabuwar doka. Ran mage ya tashi daga shida zuwa sha huɗu. Saboda saurinta, za ta yi abu biyu kafin jarumi ya yi ɗaya. Jarumi kuma ba zai zare takobi ba sai mage ta gama, don kada a taka ta.

Dariyar Ajidan ta tsaya a tsakiya. "Mi ka ce?"

"A fage alƙali ba ya maimaita magana, Ajidan. Zauna."

Ya zauna, saboda tsohon jandarma ne, jikinsa na bin umarni kafin kansa ya yi shawara.

Na fara labarin da na shirya. Ɓarayin shanu sun ɓuya a wani tsibiri cikin kogi, sun kewaye kansu da shinge, mutanenmu sun haye da kwalekwale. A bakin shingen na ajiye kare, don a gwada mage gwaji na gaskiya.

"Ga kare ya taso. Me za ki yi?"

"Ni kake ce wa ki?"

"Da mage nake magana."

"To, zan sa shi barci."

"Da me?"

"Da abin da ke layi na uku."

Ya jefa ƙwaya, ta nuna sha bakwai, malaman suka ce ya yi. Ban so in nuna ban san layi na uku ba, sai na ce kare ya yi barci. Na ce saura abu na biyu. Majo ya gyara zama ya ce zai jefa wa shingen layi na biyar.

"Fura za ka watsa musu?"

"Ita fa. Mai zafin nan."

Ya jefa, malaman suka ce shinge ya kama da wuta, ɓarayi shida sun ƙone. Na ce tun yaushe mage ke jifa da wuta? Majo ya ce takan yi idan an ɓata mata rai. Daga nan abin ya zama kamar ruwa ya ɓalle a fadama. Mage ta tashi sama. Mage ta buɗe ƙofa ba mabuɗi. Mage ta mayar da shugaban ɓarayi kwaɗo. Duk lokacin da Ajidan ya kai hannu ga ƙwaya sai Majo ya ce, "Yi haƙuri, Ajidan, doka ta ce sai na gama," ya lashi bayan hannunsa ya shafa kunne. Kusan minti arba'in jarumai uku ba wanda ya zare takobi. A ƙarshe na ba mage ladan da na tanadar mata tun a gida, ƙwaryar nono.

Ajidan ya miƙe. "Ni na taso cikin rana a kan moto, na bar shinkafata ba ban ruwa, don in riƙe wa wannan jaka? Da can rabin wasa yake ci. Kai ka zo ka ba shi duka, har da nono."

Sai ansifekta ya ajiye bik ya ce, "Baba, gafara dai. A fahimtarku, mene ne wannan da ke takarda ta biyu?"

"Dabba ce, mushe. Mai kama ɓera."

Ba zan kwatanta muku abin da ya biyo baya ba. Ɗaya malamin ya fita waje ya dafa bango. Majo ya share hawaye ya ce, "Bawana, ba mage ba ce. Maj ake cewa. Boka ne, mai tsafi. Abin da ka ce kunne, hularsa ce. Kai da aka haifa a tsakiyar masu garaya da bori, a ce ka ga boka ka kasa gane shi don ya sa kayan Turawa."

A lokacin ne maganar bakin ƙofa ta dawo mini. Maj ya fi ƙarfinmu. Wata shida ina zargin Bafillace da abin da takarda ke yi.

Ajidan bai yi dariya ba. Ya ɗauki hularsa ya nufi ƙofa, malaman suka fara tattara takardunsu. Na san idan ya taka waje taburin ya mutu a gaban baƙo, takardata ta mutu tare da shi. Ban san lokacin da usur ya shiga bakina ba. Na busa. Ajidan ya tsaya cak.

Na ce, "Faransanci ya kayar da ni, na yarda, bayana ya taɓa ƙasa. Amma tunda boka ne, ku zauna, wannan fagena ne."

Na gaya musu yadda muke yi a kokowa. Ba ɗan kokowar da ke shigowa fage hannu sake. Da layu yake zuwa, da guru, da gorar rubutu, wani har da abin binnewa. Alƙali ba ya hanawa, don idan ka hana ba mai zuwa kallo. Amma kafin a shiga ake shiryawa, abin da ka shigo da shi ke nan, ba a aika maka ƙari. Kuma lokacin da kake zube-zube da tofe-tofe, ba kokowa kake yi ba, ƙafarka a sake take. Na ce haka za a yi a nan. Boka ya zaɓi tsafi uku kafin a shiga labari, ya rubuta a gaban kowa. Babban tsafi kuma sai ya yi zagaye guda cur yana karanta shi, idan wani abu ya taɓa shi kafin ya gama, ya lalace. Ransa ya koma shidansa.

Ɗaya malamin ya ce to ai kashe shi za a yi tun a bakin shinge. Na ce sai in ba wanda ya tsaya a gabansa.

Ajidan ya dawo ya zauna a hankali, ya ajiye hula. Muka koma bakin shinge. Kare ya taso. Majo ya fara karatun barci, na jefa wa kare ƙwaya, ya cije shi a ƙauri, tsafi ya watse, rai ya koma uku.

"Ajidan, don girman Allah ka shigo gabana."

Ajidan ya naɗe hannu a ƙirji. "Ka yi kukanta tukuna."

"Kukan wa?"

"Kai ka sani."

Babban ma'aikacin jinya, mai mutum takwas a ƙarƙashinsa, ya yi kukan mage a gaban baƙo daga Doso. Sannan Ajidan ya zare takobi. Ban taɓa ganin dattijo ya jefa ƙwaya da irin wannan murna ba. Suka tsare Majo su uku har ya gama karatunsa, wuta ta tashi sau ɗaya a inda ya dace, sauran aikin takobi ya yi shi. Ansifekta ya cika shafi biyu. Ba a rufe shirin ba. Da Madam ta dawo ta tarar da mutum tara, ta bar dokar yadda take. Har yau sunanta dokar mage, kuma ba don girmama ni aka sa mata ba.

Abin da nake so ku ɗauka, ku sababbi, shi ne wannan. A kowane biro akwai mai takobi da mai tsafi. Mai tsafi shi ne mai bik da tampo, yana zaune a inuwa, layi ɗaya zai rubuta abu ya faru a Doso. Mai takobi shi ne wanda ke kan keke cikin rana. Wurin aiki yana lafiya ne muddin na inuwa ya san akwai ranar da kare zai taso, kuma na kan keke ya san iyakar abin da ya iya. Rabin farko na gane shi tun a tabur. Rabi na biyu sai da aka karanta mini.

Sati ɗaya bayan tafiyar baƙo na shiga biron direkta da babbar rigata. Na tuna masa alkawari. Na ce tabur ya rayu, rahoto ya yi kyau, kuskuren kuma idan an bi gaskiya na Turawa ne, da suka ɗauki kalmar Hausa suka liƙa wa boka ba su tambayi kowa ba. Na ce saboda haka ina ganin a rubuta abin da muka yi magana.

Ya bar ni na gama tsaf. Ya cire tabarau ya goge, ya mayar.

"Baba Arzika, abin da ya ceci taburin nan usur ne, kuma da shi kuka zo daga gida, ba mu muka ba ku ba. Aikin da muka ba ku shi ne ku kai takarda ba tare da kun karanta ba. Shekara ashirin da biyu kuna yin haka, ba a taɓa kawo ƙararku ba. Sau ɗaya kuka karanta."